Ƙidayar Watannin Musulunci da Ma'aikatan Masana'antun Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake tabbatar da kamawar wata a ƙidayar Hijira, da abin da hakan ya haifar wa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ne ya tsayar da wannan ƙidaya, aka fara lissafi daga shekarar Hijira, wato 622 Miladiyya. Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar akwai kwana 29 da awa 12 da minti 44. To, da yake ba a ƙirga rabin kwana, sai wata ya zo ko dai da kwana 29 ko 30, shekara kuwa 354 ko 355.

Hukuncin ya rataya ne ga gani. Ran 29 ga wata, bayan faɗuwar rana, akan dubi yamma a nemi jinjirin wata. A mazhabar Malikiyya, shaidar adalai biyu ko ta jama'a mai yawa ta wadatar. Idan hazo ko hadari ya rufe sama, sai a cika talatin. A Nijeriya, Sarkin Musulmi ne ke sanarwa bayan an tantance shaidu. Lissafin falaki yana nuna daren da gani zai yiwu, domin da wuya ido ya riski watan da bai kai awa 15 ba da haihuwa.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, shekarar tana gaza ta rana da kamar kwana 11, saboda haka azumi yakan zagaye lokutan shekara cikin shekara 33. Ma'aikacin majema a Challawa ya yi azumin 1980 da damina, na 2000 da hunturu, na 2024 kuwa cikin zafin bazara. Na biyu, ba a sanin ranar Salla tabbas sai daren jajibere. A Afrilun 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Talata da Laraba, amma da azumi ya cika talatin, sai ta ƙara Alhamis.

Don haka ya kamata masu tsara aikin dare da rana da biyan albashi su riƙa tanadin ranaku biyu, ta 29 da ta 30, tun kafin sanarwa ta fito daga Sakkwato.