3.4 Tsohon Fili da Sabon Fili a Idon 'Yan Kallo

Kamar yadda bayani ya gabata, masu sha'awar ƙwallon ƙafa na Kankiya da Kusada sukan tafi birnin Katsina domin kallon manyan wasanni. To, a kan filayen wasan birnin ne ra'ayinsu ya rabu gida biyu.

Matasa sun fi son filin Karkanda, wanda aka buɗe a shekarar 2013, aka kuma sauya masa suna zuwa Filin Wasa na Muhammadu Dikko a shekarar 2016. Hujjarsu ita ce yalwarsa, domin yana ɗaukar mutum 35,000, ba a cunkoso.

Dattawa kuwa tsohon filin cikin gari suke bege. A ganinsu, fili da unguwarsa tare suke tafiya. Can a da, in an tashi wasa, baƙo yakan sha shayi a bakin titi, ya yi sallah, ya gaida 'yan'uwa, sannan ya nemi motar gida.

Daga nan za a fahimci cewa ma'aunin ɓangarorin biyu ya bambanta. Matashi gini yake dubawa, dattijo kuwa zumunci.