Karayar jari da bashin ƙetare: abin da doka ta tanada

Ɗan kasuwar Sarkin Yamma da ya bai wa abokin hulɗarsa na Katsina wake bashi ya kamata ya san cewa dokar ciniki ba ɗaya ba ce. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, Najeriya kuwa ba ta ciki.

A 2015 OHADA ta sabunta dokar karayar jari. Yanzu wanda kasuwa ta fara juya wa baya zai iya neman kotu ta naɗa mai sasantawa, a zauna da masu bin sa bashi cikin sirri. In biya ya gagara, kwana 30 gare shi ya sanar da kotu. Ƙananan kamfanoni, masu ma'aikatan da ba su wuce 20 ba da cinikin shekara da bai haura sefa miliyan 50 ba, an sauƙaƙa musu hanya.

Rikicin da ya tsallaka iyaka kuma, mafita ita ce mai raba gardama da ɓangarorin biyu suka zaɓa. OHADA ta gyara wannan doka a Konakiri a 2017, Najeriya ta yi tata sabuwa a 2023. Ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, saboda haka hukuncin da aka yanke a nan ana iya neman zartar da shi a can.

Sai dai duk wannan takarda yake bi. A rubuta sharaɗin tun ranar ƙulla ciniki, kafin zumunci ya ɓaci.