TSEREN JIRAGEN RUWA NA MUTUM ƊAYA DA GWANINTAR MASASSAƘAN TAFKIN CHADI

Daga Wakilinmu a Maiduguri

Ranar 22 ga watan Afrilu na 1969 wani matuƙi ɗan Ingila mai suna Robin Knox-Johnston ya shigo tashar jiragen ruwa ta Falmouth, bayan ya yi kwana 312 yana kewaya duniya shi kaɗai, bai taka ƙasa ko sau ɗaya ba. Da aka yi wata guda da 'yan kwanaki, watau ranar 25 ga Mayu, sai wani jirgi na ciyawa ya tashi daga garin Safi na ƙasar Maroko ya nufi tsallaken tekun Atlantika. Waɗanda suka ɗaura wannan jirgi mutanen Tafkin Chadi ne. Labaran biyu duk abu guda suke koyarwa, watau kowane ruwa da irin jirgin da ya dace da shi, kuma kuskuren da aka yi a wurin sassaƙa a tsakiyar ruwa ake biyansa.

YADDA TSEREN YA SAMO ASALI

Jiragen da ake wannan tsere da su ba da inji suke tafiya ba. Iska ce take tura su ta hanyar filafilai, watau manyan zannuwa masu kauri da ake ɗaurawa a jikin wani dogon jigo a tsakiyar jirgi. A 1960 aka yi tseren farko na mutum ɗaya a jirgi, daga Plymouth ta Ingila zuwa New York ta Amurka. Mutum 5 ne suka shiga, Francis Chichester ya ci da kwana 40.

To, mai karatu zai ce, idan mutum shi kaɗai ne, wa zai riƙe akalar jirgi sa'ad da barci ya ɗauke shi? Wannan ita ce matsalar da Blondie Hasler, wanda ya kawo shawarar tseren, ya yi wa magani. Ya haɗa wani faifai a bayan jirgi wanda iska ke kaɗawa, aka jona shi da abin juya jirgin, ta yadda in jirgi ya kauce hanya faifan zai komo da shi. A 1964 wani sojan ruwa na Faransa, Eric Tabarly, ya zo da jirgi marar nauyi wanda aka sassaƙa musamman domin tseren, ya ƙetare cikin kwana 27.

A 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta sa fam 5,000 ga wanda ya fi saurin kewaye duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ba. Mutum 9 suka tashi, ɗaya tak ya dawo da jirginsa inda ya faro. Jirgin Knox-Johnston, mai suna Suhaili, tsawonsa ƙafa 32 ne kawai, an sassaƙa shi da katako mai ƙarfi a Bambai ta Indiya, ga nauyi ga rashin sauri. Da ya fara yoyo, mai shi ya yi nutso ya toshe tsagar da hannunsa. Amma Donald Crowhurst, wanda aka haɗa masa jirgi mai ciki uku cikin gaggawa, ya tashi a ranar ƙarshe da aka ƙayyade tun aiki bai kammala ba. Da ya ga jirgin ba zai jure wa tekun kudu ba, sai ya yi ta yawo a Atlantika yana aiko da rahoton ƙarya. A watan Yuli na 1969 aka tsinci jirgin ba kowa a ciki. Knox-Johnston ya ba iyalansa kuɗin da ya ci. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

JIRAGEN ZAMANI

Mafi shahara a yau shi ne tseren Vendée Globe, wanda aka fara a 1989 daga garin Les Sables-d'Olonne na Faransa. Wanda ya ci na farko, Titouan Lamazou, kwana 109 ya yi. A watan Janairu na 2025 Charlie Dalin ya gama cikin kwana 64 da 'yan sa'o'i.

Tsawon kowane jirgi ƙafa 60 ne. Ana yin jikinsa da zaren kabon da ake daskararwa da ƙaro, mai ƙarfi ƙwarai amma ba nauyi. A ƙarƙashinsa akwai wani dogon takobi da ya nutse mita 4 da rabi, da dunƙulen darma a ƙarshensa, wanda ke hana iska kifar da jirgin. Har ana iya karkata shi gefen da iska ke fitowa. Sa'an nan akwai fikafikai a gefe biyu waɗanda ke ɗaga jirgin sama da ruwa in gudu ya yi gudu. Matuƙi kuwa barcinsa na 'yan mintoci ne, ya farka ya duba, ya sāke kwantawa.

Da jini aka sayi wasu daga cikin dabarun nan. A tseren 1996 zuwa 1997 jirage sun kife suka ƙi miƙewa, Gerry Roufs na Kanada ya ɓace, Tony Bullimore kuwa ya yi kwanaki cikin jirginsa a kife kafin sojojin ruwan Ostireliya su cece shi. Daga nan aka tsananta doka, sai an tabbatar jirgi zai iya miƙewa in ya kife kafin a bar shi ya shiga.

JIRGIN CIYAWA A TEKU

Bari mu komo kan mutanenmu. Irin wancan jirgi mai takobi ba zai yi ko taku ɗaya ba a yawancin Tafkin Chadi, domin ruwan ba zurfi. Buduma, masu kiran kansu Yedina, sun daɗe da gano abin da ya dace da tafkin. Suna yanko doguwar ciyawar ruwa, irin wadda Misirawan dā suke yin takarda da ita, su ɗaure ta dami-dami da igiya har ta zama jirgi mai suna kadai, goshinsa a ɗage, bayansa a yanke. Ba ya bukatar zurfi, kuma ba ya huje, tun da ciyawar ce kanta take iyo.

Thor Heyerdahl, masani ɗan Norwe, ya so ya nuna cewa mutanen dā za su iya ƙetare Atlantika da jirgin ciyawa. Sai ya zo Bol, a gaɓar tafkin ta ƙasar Chadi, ya ɗauki gwanaye biyu, Umar da Musa, tare da Abdullahi Jibrin mai yi musu tafinta. Aka kawo ciyawa daga Tafkin Tana na Habasha, suka ɗaura jirgi mai tsawon kimanin mita 15 kusa da dalar Giza a Masar, aka sa masa suna Ra.

Heyerdahl ya nemi a yi wa jirgin wutsiya a ɗage kamar yadda ya gani a zane-zanen Misirawa, abin da Buduma ba su saba da shi ba, sai aka jona ta daga baya. Kuma aka bar wata igiya da ta kamata ta riƙe wutsiyar daga sama. A teku sai bayan jirgin ya riƙa sunkuyawa, igiyar ruwa tana hawa. Duk da haka jirgin ya ɗauki mutum 7, har da Abdullahi Jibrin, ya ci kimanin kilomita 5,000 cikin mako 8 kafin a bar shi, ba wanda ya rasa ransa. A 1970 aka sāke gwadawa da Ra na biyu, wanda mutanen Tafkin Titikaka na Amurka ta Kudu suka ɗaura, ya isa Barbados cikin kwana 57.

SANA'A MAI DOGON TARIHI

Gwanintar yankin nan ta girmi duk waɗannan. A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a Dufuna, wadda a lokacin take cikin Jihar Barno, yanzu kuwa Jihar Yobe, sai ya ci karo da itace. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, an fiƙe goshinsa da bayansa da kyau. Bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, ba a kuwa sami wanda ya girme shi ba a Afirka.

Abin tsoro shi ne kada wannan ilmi ya bi masu shi. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, sa'an nan tashin hankalin Boko Haram ya kori dubban masunta daga Baga da tsibirai. Wanda ya tashi a sansanin gudun hijira a ina zai koyi ɗaurin kadai? Amma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, kwalekwale na cikin abubuwan da aka fi nema don kwaso mutane.

Masu tseren teku, duk jirgin da ya yi haɗari sai sun bincika dalili, su rubuta, su gyara doka. Mu kuwa jiragen katako suna kifewa a kogunanmu da mutane masu yawa, galibi saboda lodi fiye da kima da tsufan katako, sai a yi jaje a watse. Ya kamata Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi su nemo tsofaffin masassaƙan da suka rage, a auna jiragensu, a rubuta dabarunsu, a koya wa samari tare da ƙa'idojin lodi da rigar ruwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa masu iko su ji.