ƘARAMIN JIRGIN SAMA MAI BATIR: WANNE YA DACE DA ƊAN KOYO?

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san yadda yara kan zauna bayan girbi su fere karan dawa, su haɗa mota ko jirgin sama, su ɗaura masa zare suna ja a ƙasa. Waɗansu kuma da langa-langa da gwangwanin madara suke yin nasu. Jirgin nan dai bai taɓa barin ƙasa ba, sai fa in an jefa shi. To, yau ga shi yaran jiya sun girma suna neman abinci a Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, 'ya'yansu kuwa suna kallon waɗansu ƙananan jirage a wayar hannu, waɗanda ke tashi sama sosai, mutum na tsaye a ƙasa yana juya su da akwatin rediyo. Yara suna ta roƙon a saya musu, iyayen ma in za su faɗi gaskiya abin yana ba su sha'awa.

Wannan wasa ya daɗe a duniya. Tun a shekarar 1937 waɗansu tagwaye 'yan Amurka, Walter Good da William Good, suka ƙera ƙaramin jirgi mai injin fetur wanda ake sarrafawa da rediyo, jirgin nasu kuwa an ajiye shi a gidan tarihi na Smithsonian. Shekaru da yawa bayan haka abin ya zama na masu kuɗi da masu haƙurin gyaran inji. Sai wajen farkon shekarun 2000, da aka sami batir mara nauyi mai riƙe wuta da ƙananan injunan lantarki masu ƙarfi, sa'an nan jirgi mai batir ya yaɗu ko'ina. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba shi da ƙara mai damun maƙwabta.

Amma fa kuɗinsa ba kaɗan ba ne, domin daga ƙasashen waje ake kawo shi, da dala ake biya. Mutum yana iya tara kuɗin wata da watanni ya saya, ya kai shi fili ran Lahadi, kafin ya ƙirga goma jirgin ya daki ƙasa ya tarwatse. Yawancin wannan hasara tun a wurin saye take farawa, watau wajen zaɓen jirgin da bai dace da ɗan koyo ba.

IDO YANA RUƊI

In ka buɗe hotunan masu sayarwa, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne jirgin yaƙi mai tsinin hanci da fenti mai ƙyalli. To, mai karatu, kawar da kanka. Irin wannan jirgi sai da gudu yake tsayuwa a iska, in ka rage masa wuta sai ya sulmiyo ƙasa. Ga shi kuma ba ya gyara kansa in ya karkace. Wanda bai taɓa tuƙi ba yana bukatar lokacin tunani tsakanin kuskure da gyara, jirgin yaƙi kuwa ba ya ba da wannan lokaci. Da rarrafe yaro kan tashi.

Jirgin koyo yana da alamu guda huɗu waɗanda ko a hoto za ka iya ganewa.

Na farko, fukafukansa a saman gangar jikinsa suke, nauyin jirgin yana rataye a ƙarƙashinsu. Galibi kuma in ka dube shi ta gaba za ka ga bakin fukafukan ya ɗan ɗaga sama. Wannan gini shi ke sa jirgin ya nemi daidaita kansa in ya karkata, muddin ka saki sandunan tuƙi kuma yana da isasshen nisa daga ƙasa.

Na biyu, da soso mai tauri aka yi shi, ɗan'uwan farin soson nan da ake tallafe talbijin da shi cikin kwali, sai dai ya fi shi juriya. A kan kwalin za ka ga an rubuta EPO ko EPP. In ya karye ana liƙe shi da gam a ci gaba da wasa. Jirgin katako yana da kyau a ido, amma faɗuwa ɗaya kan jawo gyaran mako guda. A kula dai, akwai gam ɗin da ke cinye soso, saboda haka a fara gwada shi a wani ɗan gefe.

Na uku, girmansa matsakaici ne, faɗin fukafukansa daga mita 1 zuwa mita 1.5. Ɗan mitsitsin jirgi ya fi araha, kuma ba ya ɓarna sosai in ya faɗi, amma iska kaɗan ta ishe ta yi gaba da shi, in ya yi nisa kuma ba ka gane inda ya sa gaba. Ga wanda ke zaune kusa da teku, inda iska kan taso da hantsi, wannan abin lura ne ƙwarai.

Na huɗu, in da hali a sami wanda farfelarsa ke bayan fiffike tana tura shi. Ɗan koyo da hanci yake sauka sau da yawa. In farfela da inji suna gaba su ne ke fara shan ƙasa, in kuwa suna baya sai soson hanci kaɗai ya lotse.

Daga cikin jiragen da suka yi suna wajen koyo akwai AeroScout mai mita 1.1, farfelarsa a baya, da Apprentice mai mita 1.5, duka biyu na kamfanin Horizon Hobby na Amurka, da kuma EasyStar na kamfanin Multiplex na Jamus. Akwai masu kama da su da yawa daga ƙasar Sin. Sunan ba dole ba ne, alamun nan huɗu su ne abin nema.

AKWATIN TUƘI

Akwatin da ake riƙewa a hannu yana da sanduna biyu, kowane motsi na jirgin kuma yana da hanyarsa ta karɓar umarni, abin da masu sayarwa ke kira canel. Jirgi mai canel uku yana da wutar inji, da ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da juya wutsiya hagu ko dama. Mai canel huɗu yana da ƙarin ƙananan marafai a bayan fukafukai masu karkata jirgin, kamar yadda babban jirgi ke yi. Mai uku ya fi sauƙin koyo, mai huɗu kuwa ya fi daɗewa ana jin daɗinsa. Jirgin kantin kayan wasa mai canel biyu ba ya koya wa kowa tuƙi, a bar wa ƙananan yara shi.

A da malamai kan ce a fara da mai uku. Amma tun daga shekarar 2013, da kamfanin Horizon Hobby ya fito da na'urar da ya kira SAFE, jiragen koyo da yawa suna zuwa da wata 'yar na'ura mai hana jirgi karkata fiye da kima, da maɓallin da za ka danna in ka ruɗe jirgin ya miƙe da kansa. Waɗansu kamfanoni ma suna da irin tasu. In jirgi yana da wannan, ɗan koyo yana iya farawa da mai canel huɗu, ya riƙa rage taimakon na'urar yayin da hannunsa ke faɗawa.

A tabbata rediyon mai 2.4 GHz ne. Tsofaffin rediyo na da, in mutum biyu suka haɗu a zango ɗaya sai umarninsu ya cakuɗe jirage su faɗo. Na yanzu kowane akwati jirginsa kaɗai yake yi wa magana. Har ila yau a tambayi mai sayarwa a wane hannu sandar wuta take. Tsarin da ake kira Mode 2, mai sandar wuta a hagu, shi ne aka fi amfani da shi a Amurka, yawancin darussan da ke intanet kuma da shi ake yi.

Sa'an nan a karanta haruffan da ke kan kwali. RTF yana nufin komi na ciki, har da akwatin tuƙi, ko da yake waɗansu kamfanoni yanzu suna cire batir da caja, don haka a tambaya. BNF ba shi da akwatin tuƙi. PNP ba akwati, ba na'urar karɓar umarni, ba batir. Mutane kan ga PNP ya fi araha su saya, sai kaya ya iso su tarar ba abin da zai tashe shi. Ɗan koyo RTF ya kamata ya nema. Kuma tun a saye na farko a haɗo da farfela biyu ko uku da batir na biyu, domin batir ɗaya kamar minti 10 yake yi a sama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BATIR WUTA NE

Batir ɗin waɗannan jirage, wanda ake kira LiPo, shi ne abin da ya fi komi hatsari a cikin kwalin. Kowane ɗaki nasa yana da bolt 3.7, yana cika a 4.2, in ya sauka ƙasa da 3 ya fara lalacewa. Batir mai ɗaki uku, wanda ake rubuta wa 3S, bolt 11.1 ke nan. In an huda shi, ko aka yi masa caji fiye da kima, ko aka bar shi cikin mota a rana, yana iya kumbura ya kama da wuta mai wuyar kashewa.

Mun san halinmu, in an kawo wuta da tsakar dare kowa sai ya jona wayarsa da fitilarsa ya koma barci. Kada a yi wa wannan batir haka, balle a gidan haya inda ɗaki ke jikin ɗaki, ko a shagon da ke cike da kaya. A yi masa caji da cajar da aka yi dominsa, a kan daɓen siminti ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa da jarkar fetur, mutum na zaune yana gani. Wanda ya kumbura a daina aiki da shi. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi da kamar rabin caji, wajen bolt 3.8 a kowane ɗaki. Wanda kuma zai aiki ɗan'uwa ya taho masa da batir daga waje, ya sani kamfanonin jiragen sama ba su yarda a sa irinsa cikin akwatin da ake aunawa ba, sai a jakar hannu.

Farfela ma tana yanka yatsa. A kunna akwatin tuƙi tukuna, sandar wuta tana ƙasa, kana a jona batir. In za a yi gyara a cire farfela.

INA ZA A TASHE SHI?

Wannan tambaya ya kamata a amsa ta kafin a biya kuɗi. A watan Mayu na shekarar 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, ta ba da sanarwar hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izninta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Saboda haka mai niyyar saye ya fara tuntuɓar hukumar ya ji abin da ake bukata ga irin jirginsa, tun ma kafin a ɗauko shi daga waje.

'Yan'uwanmu na Agege su tuna filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja yana maƙwabtaka da su. Na Obalende kuma ga barikin Dodan a gefensu. A yi nesa da filin jirgi, da barikin soja, da ma'aikatun mai, da wayoyin lantarki, da kasuwa, da karar shanu. Abin nema shi ne fili buɗaɗɗe wanda bai gaza filin ƙwallo ba, babu mutane, babu dogayen itatuwa. A nemi iznin mai filin, a sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban unguwa da ofishin 'yan sanda na kusa. Baƙo da jirgi a sama yana iya jawo zato, bayani tun da wuri kuwa yana kashe magana.

RANAR FARKO

Kafin ranar, a yi kwanaki ana gwaji da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta ko waya, inda faɗuwa ba ta cin ko kwabo. A can ne hannu zai saba da abin da ke kada yawancin 'yan koyo: in jirgi ya juyo yana fuskantarka, hagunsa ya zama damanka. In an sami wanda ya iya, a roƙe shi ya fara tashe shi ya daidaita shi. Akwai ma hanyar haɗa akwatin malami da na ɗalibi, malami ya karɓe tuƙi in abu ya ɓaci.

A ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fukafukai, daidai inda littafinsa ya nuna, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffike. In wutsiya ta rinjaya a matsar da batir gaba, domin jirgi mai nauyin baya ba ya tuƙuwa. A fita da sassafe lokacin da ganye ba ya motsi, ban da ranar hadari ko hazo. A tashe shi yana fuskantar iska, a bari ya hau sama sosai kafin a juya, a riƙa taɓa sanduna a hankali, a sauko da shi tun batir bai ƙare ba.

Jirgin farko zai faɗi, zai sha gam, fentinsa zai goge. Wannan shi ne aikinsa. In ya kai mai shi ga iya tashi da sauka sau goma a jere ba tare da karaya ba, ya biya kuɗinsa, sa'an nan ana iya waiwayar jirgin yaƙin nan mai ƙyalli. Yaron da ya koyi auna nauyin jirgi da karanta iska tun yana makaranta kuwa, ya sami abin farawa in wata rana ya nufi Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a shekarar 1964.