Yadda maganaɗisu ke kamo ƙwayoyin kansa a cikin jini

Kansar pankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, tana cikin masu wuyar magani. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ake gano tasa a lokacin da tiyata za ta yiwu, kuma ko an yi tiyatar, cutar kan dawo wa mafi yawansu. Dalili kuwa, wasu ƙwayoyin kansar sun riga sun ɓalle sun shiga jini, kuma hoton CT ba ya ganinsu.

Waɗannan ƙwayoyi su ake kira CTC. Nemo su kamar neman fayil biyu ne a cikin biliyoyi, domin mililita ɗaya ta jini tana ɗauke da jajayen ƙwayoyi kusan biliyan 5.

Na'urar CellSearch, wadda hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 2004 don kansar mama, tana aiki da jini mililita 7.5. Ana zuba masa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe masu manne wa wani furotin mai suna EpCAM, wanda ke jikin ƙwayoyin kansa da yawa amma babu shi a ƙwayoyin jini. Sai maganaɗisu ya janyo su, a rina su, kwamfuta ta ɗauki hotunansu, ƙwararre ya ƙirga.

Bincike da dama ya nuna cewa majinyacin da aka samu CTC a jininsa, cutar ta fi saurin dawo masa bayan tiyata. Sanin haka zai iya taimaka wa likita ya yanke shawara: a fara da maganin kemo, ko a wuce tiyata kai tsaye.

Sai dai akwai cikas biyu. Ƙwayar da ta daina fitar da EpCAM za ta kuɓuce wa maganaɗisun. Sannan jinin pankiriyas yakan fara bi ta hanta, wadda ke tare ƙwayoyin, shi ya sa wasu masu bincike ke ɗibar jini daga jijiyar da ke shiga hanta lokacin tiyata.

Don haka a wannan kansar gwajin yana matakin bincike. Abin da likitoci ke dogaro da shi yanzu shi ne hoto da gwajin jini na CA 19-9.