Sabuwar Manhajar Ofis: Saye Ko Haya, Wanne Ya Fi Wa Ɗan Kasuwar Rijau?

RIJAU, Jihar Neja — A garuruwa irin su Rijau, hedikwatar ƙaramar hukumar da ke cikin masarautar Kontagora daura da iyakar Jihar Kebbi, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta daɗe da ture keken rubutu gefe. Shagunan buga takardu ne ke fitar da takardar neman aiki, da katin ɗaurin aure, da rasitin dillalin hatsi, kuma galibinsu da manhajojin Microsoft Office suke aiki. Don haka duk wani sauyi da kamfanin ya yi daga can Amurka, ƙarshensa sai ya iso teburin mai shago.

A ranar 1 ga Oktoba, 2024 ne kamfanin ya fitar da Office 2024, wadda ake saye sau ɗaya a mallake ta. Farashin da aka sanya a Amurka a lokacin shi ne dala 149.99 ga ta amfanin gida, da dala 249.99 ga wadda aka yarda a yi sana'a da ita. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, kamar yadda ta kai a shekarar 2024, ta biyun ta doshi naira 375,000, kuɗin da ba kowane mai shago ne zai fitar a zama ɗaya ba.

Daga cikin sababbin abubuwan da ta zo da su, wanda ya fi dacewa da halin da ake ciki a karkara shi ne wanda aka fi yi wa kallon ƙarami. Idan Word ta rufe ba shiri, to da an sake buɗe ta za ta dawo da takardun da ake aiki a kansu. Wanda janareto ya taɓa mutu masa yana tsakiyar buga kundin ɗalibi, ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin wannan.

A ɓangaren Excel kuwa, an ƙara dabarun lissafi 14 na sarrafa rubutu da jadawali. Akwai VSTACK, wadda ke haɗa jadawali da dama su zama guda. Dillalin da ke rubuta cinikin dawa da masara da wake na kowace ranar kasuwa a shafi dabam, zai iya tattara na wata guda da umarni ɗaya. Akwai kuma TEXTSPLIT, mai raba suna da lambar waya idan an cusa su a gurbi ɗaya. Sauran ƙarin, kamar sanya hoton mai jawabi kai tsaye cikin PowerPoint, sun fi amfani ga manyan ofisoshin Abuja da Legas.

Sai dai abin da aka cire ya fi abin da aka ƙara shafar masu shaguna. Babu Publisher a cikin Office 2024, alhali da ita wasu ke tsara katin biki da kalanda da takardar shaida. Kamfanin ya sanya watan Oktoba na 2026 a matsayin ƙarshen kula da ita. Duk mai tsofaffin zane-zane a cikinta, hikima ita ce ya mayar da su PDF ko Word, kada wata rana ya nemi buɗe su ya rasa hanya.

Hanya ta biyu ita ce haya, wato Microsoft 365, inda ake biya duk wata ko duk shekara. A nan ne kamfanin ya zuba mataimakin nan Copilot mai ƙirƙirarriyar basira, kuma a Janairun 2025 ya ɗaga kuɗin mutum ɗaya a Amurka daga dala 6.99 zuwa 9.99 a wata. Copilot ba ya aiki sai da intanet, ita kanta manhajar sai an haɗa ta da intanet kamar sau ɗaya a wata domin a tabbatar da biya. Ga wanda cinikinsa ke hawa bayan girbi ya sauka da damina, bashin wata-wata nauyi ne da ya kamata a auna da kyau.

Zama a kan tsohuwa ma yana da nasa haɗari. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya daina toshe kafofin ɓarna a Office 2016 da 2019, ranar da ya janye kulawar yau da kullum daga Windows 10. Manhajar za ta ci gaba da buɗewa, amma shagon da kowa ke kawo masa filasha daga ko'ina, shi ne farkon wanda ƙwayar cutar na'ura za ta kama. Ita Office 2024 za a kula da ita har Oktoban 2029.

Wanda aljihunsa bai kai ba, yana iya gwada LibreOffice, wadda kyauta ce kuma ba ta bukatar intanet bayan an sauke ta. Tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, kuma tun fitowarta ta Agustan 2024 ta samu dabarar neman bayani ta XLOOKUP.