Kwalin Digiri da Buhun Albasa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo da rani zai ga arzikin da kogin Rima yake shayarwa: albasa, tafarnuwa da shinkafa. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Amma a garuruwan nan ne kuma za ka tarar da matashi ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yana zaune a majalisa yana jiran ranar da ƙaramar hukuma za ta ɗauki ma'aikata.

Abin da ke damuna shi ne, aikin yana gabansa, kayan yinsa ne ba a ba shi ba.

Albasar wannan yanki tana ƙetare iyaka ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ta nausa kasuwannin Afirka ta Yamma. Da zarar mota ta shiga Nijar, ciniki ya koma da sefa, takardun kwastan kuma da Faransanci. Ɗalibai nawa ne daga Wurno ko Rabah suke fita Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da iya karanta irin wannan takarda? Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki a Janairun 2021, amma ba za ta amfani wanda bai iya rubuta wasiƙar ciniki ko lissafin canjin kuɗi a kwamfuta ba.

Sai sanin ƙa'idojin ingancin kaya, wanda a ganina ya fi komai gaggawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Manomin da ya zuba maganin bai yi da mugunta ba, gudun asara yake yi. Abin da ya rasa shi ne ɗan boko a kusa, wanda ya san adadin da mai saye ya yarda da shi, ya kuma iya bayyana masa cikin Sakkwatancin da zai gamsu. Haka albasar da ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi: tana jiran wanda zai nemo a intanet yadda ake adana ta a Indiya ko Masar, ya gwada da karan dawa da azarar gida.

Ba na mance da 'yan bindigar da suka hana ƙauyuka da dama a Rabah da Goronyo noma, kuma ba Faransanci ne zai kore su ba. Amma Kwalejin Aikin Gona tana nan a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, inda kuma aka binne shi a 1837. Ita da jami'o'in Sakkwato za su iya tura kowane ɗalibi ya yi zango guda tare da dillalan albasa, ya bi lodi ɗaya tun daga fadama har inda za a sauke shi, ya dawo ya rubuta nawa aka kashe a kowane shinge.